Shekarar da Cakau Suka Ƙi Sauka a Kwarin Giyayya

A kwarin Giyayya, can inda gulbi ke lanƙwasa kafin ya miƙe kudu, akwai wani tsuntsu da mutanen wurin ke kira cakau. Bai kai kurciya girma ba. Launinsa na busasshen ganye ne, bakinsa dogo siriri kamar tsinke. Ba ya son fili, a ƙarƙashin inuwar kurmin da ke bakin ruwa yake kiwo. Kowace shekara, da zarar an yanke gero gulbi ya fara janyewa, sai a wayi gari a ga biyu ko uku a gindin giyayya. Kafin mako ya cika kurmin ya cika da su. Duk inda cakau ya caka bakinsa a laka, ruwa ne ke ɓuɓɓugowa daga ramin, ya yi ta tsattsafowa har ƙarshen rani. Da wannan ruwa mutanen kwarin ke noman albasa da alkama lokacin da ko'ina ya bushe. Idan zafin bazara ya kunno kai, sai tsuntsayen su tashi rana ɗaya su nufi arewa, ba wanda ya san inda suke zuwa.

A garin akwai wata mata mai suna Gwamma, mai kimanin shekara hamsin. Mijinta ya rasu ya bar mata lambu ɗaya da 'ya ɗaya, Lantana. Sana'arta kaɗi, kuma duk kwarin babu zaren da ya kai nata ƙarfi, babu kuma harshen da ya kai nata kaifi. Tana da ƙane, uwa ɗaya uba ɗaya, ana ce masa Barau.

Barau ne ya ja wa kwarin masifa. Wata shekara fatake suka zo neman gawayi, ya sa gatari a kurmin. Ya sare kanya, ya sare baure, ya bi giyayya ɗaya bayan ɗaya. Da cakau suka iso suka tarar inuwa ta ƙare, sai suka cunkushe a gindin 'yan itatuwan da suka saura. Barau ya ga nama ya tara kansa wuri guda, ya kafa raga, ya kwashe su kwando-kwando, ya kyafe ya sayar. Mai gari Jatau ya gani ya yi shiru, domin kullum ana kai masa nasa har gida.

Shekara ta zagayo, aka yanke gero, ko tsuntsu ɗaya bai sauka ba. Fadama ta tsage har ƙafar jaki na faɗawa. A shekara ta biyu rijiyoyi suka ƙafe, mutane suka fara ɗaure kaya suna barin gari. Lantana ta haihu a cikin wannan hali, nononta ya ƙi kawo ruwa.

Ranar da jaririyar ta daina kuka saboda rashin ƙarfi, Gwamma ta ja mayafi ta nufi ƙofar mai gari. Ta tarar da shi a kan buzu, Barau na zaune cikin 'yan fada.

Ta ce, "Ranka ya daɗe, jikata na mutuwa. Me ka shirya wa garin nan?"

Mai gari ya ce, "Gwamma, abin daga Allah ne. Sai haƙuri."

"Ruwan sama daga Allah ne, ranka ya daɗe. Gatari kuwa a hannun ƙanena na gan shi, naman kuma a akushinka."

Barau ya sunkuyar da kai ya ce, "Yaya, rage murya, a gaban mutane muke."

Ta juyo ta dube shi. "Kada bakinka ya ƙara kirana yaya."

Ta koma gida. Ta karkata randa don ta tsiyaye wa Lantana ɗan abin da ya rage, sai ta ga wani abu ya motsa a cikin danshin gindin randar. Cakau ne, tsoho, gashinsa duk ya zube a wuya. Ya ɗaga kai ya yi magana da muryar dattijo.

"Aminci ya tabbata gare ki, ya ke 'yar Adam. Shekara biyu ina ɓoye a nan, ina rayuwa da ɗigon randarki. Ni kaɗai na kuɓuta daga raga, da karyayyen fiffike. Ya warke, amma tsohon tsuntsu ba ya ƙetare hamada shi ɗaya."

Gwamma ba ta ji tsoro ba, fushin da ke cikinta bai bar wa tsoro wuri ba. Ta ce, "Wa ke ba ku umarnin zuwa da tafiya?"

"Sarauniya Zarnuƙa, aljanar da ke riƙe da hanyoyin masu fiffike."

"To, kai ni wurinta. Ina da magana da ita."

Tsuntsun ya ce, "Ki sa ƙafarki a sawuna, kada ki kauce. Kowane taki ɗaya yana naɗe tafiyar wata guda."

Ta shafa kan jaririyar, ta ce wa Lantana ta riƙa jiƙa mata leɓe, ta bi bayan tsuntsun. Taki na farko garin ya ɓace. Taki na biyu ta ga kanta tsakanin duwatsu baƙaƙe masu huci. Taki na uku sai rairayi, gabas da yamma, ba itace ba ciyawa.

Nan rairayin ya tashi tsaye ya zama wani ifritu, kansa na gogar sama, idanunsa kamar bakin murhu. Ya ce, "Ni ne Darmashu, mai tsaron hamada. A ƙasata sawun tsuntsu ba ya naɗe tafiya, da ƙafa ake bi. Wanda zai wuce sai ya cika bakinsa da ruwa, ya kai shi ƙetare bai haɗiye ba, bai zubar ba. In ɗigo ɗaya ya fita, ƙasusuwanki za su zama cikin rairayina."

Ya miƙo mata ƙoƙo. Ta cika baki, ta ɗora tsuntsun a kafaɗa, ta kama hanya da hantsi.

Darmashu ya bi ta gefe yana zagi. Ya ce mutanen kwarinta ɓarayi ne 'ya'yan ɓarayi. Ya ce ubanta matsoraci ne, mijinta kuma mutuwa ya yi don ya huta da bakinta. Gwamma, wadda tun tana yarinya ba a taɓa gaya mata ɗaya ba ta rama uku ba, ta ji jijiyoyin wuyanta sun miƙe. Maƙogwaronta na ƙuna, ruwan na motsi a kan harshenta yana neman hanya. Tafin ƙafarta ya yi bororo ya fashe. Ta ci gaba.

Da rana ta karkata sai ifritun ya yi shiru. Can ta ji muryar Lantana a bayanta, tana kuka, "Inna, juyo. Inna, yarinyar ta cika, ki amsa mini ko da kalma ɗaya."

Gwamma ta tsaya, amma ba ta juya ba. Leɓenta ya fara buɗewa, ta sa hannu biyu ta danne shi, hawaye na bin yatsunta. Ta yi ta jan ƙafa a haka har ta ji ƙasa mai tauri a ƙarƙashinta. Tsohon cakau ya sa bakinsa cikin nata ya shanye ruwan, nan take gashin wuyansa ya tsiro sabo.

Sai Gwamma ta juya ta fuskanci ifritun. Ta ce, "Kai tarin ƙasa mara gida, mai satar muryar mai jego. Ubana ya haifi 'ya'ya ya binne iyayensa. Kai wa ka haifa, wa zai binne ka?" Ta yi ta zazzaga masa har sai da ya rushe ya koma tudu yana dariya mai kama da aradu.

Taki biyu suka kai ta bakin tekun gishiri. Gada ɗaya ce a kansa, kuma duk da raga aka yi ta, raguna bisa raguna, suna lilo a kan igiyar ruwa. A bakin gadar wata tsohuwar aljana na zaune, gashinta kore kamar gansakuka, hannuwanta shida.

Ta ce, "Ya ke baƙuwa, duk ragar da aka taɓa kafa wa mai fiffike a duniya, nan take ƙarewa. Ba mai wucewa sai ya nemo ta ƙasarsu ya kwance ƙullinta."

Gwamma ta hau tana rarrafe, ruwan gishiri na dukan ƙafafunta masu ciwo. Ta wuce raguna na siliki da na gashin doki da na wani zare mai sheƙi da ba ta taɓa gani ba. A tsakiyar gadar hannunta ya faɗa kan wata, ta tsaya cak. Ta san murɗin zaren nan. Nata ne.

Ta tuna ranar da Barau ya zo ya ce yana son zare mai ƙarfi don ragar kifi. Ta tuna kuma ranar da ya dawo da ragar ta yage, ta ga ƙananan gashin tsuntsu maƙale a ƙulle-ƙullen, ta tsince su ta zubar, ta gyara masa ba ta ce komai ba.

Aljanar ta ce daga bayanta, "Kin gane ta, ko?"

Gwamma ta ce, "Na gane ta. Ba sai kin ƙara ba."

Ƙullin ya ƙi yatsa, don gishiri ya cinye shi ya zama kamar ƙarfe. Ta sa haƙori. Duk ƙullin da ta tsinka, sai inuwar tsuntsu ta fita daga ciki ta yi sama ba ƙara. Jini ya cika mata baki. Haƙoranta biyu na gaba suka fita suka faɗa teku, ba ta tsaya ba, da fushin kanta take cizo. Da ƙulli na ƙarshe ya tsinke, gadar ta daina lilo, ta miƙe sambal har ƙetare.

Bayan teku suka shiga wata ƙasa inda ruwa ke daskarewa ya zama dutse a kan tsaunuka, rana kuma ba ta faɗuwa, sai dai ta zagaya gefen sama ta dawo. Nan akwai kurmi mai itatuwa farare dogaye, ƙasansa shimfiɗe da ganye. Tsohon cakau ya ce, "A ƙasa muke yin sheƙa, kuma ƙwanmu launin ganyen nan gare shi. Fadar sarauniya na tsakiya. In kika fasa ɗaya, ba za ki ga fuskarta ba."

Gwamma ta durƙusa, ta riƙa ɗaga ganye ɗaya-ɗaya da yatsun da sanyi ya ƙandare, tana matsawa da gwiwa. A nan ta ga abin da ba ta zata ba. Sheƙa goma za ta wuce kafin ta ga mai ƙwai guda. Sauran duk wayam, ciyawa ta tsiro a ciki.

Sarauniya Zarnuƙa na zaune a kan kututturen wani itace da ya kai faɗin kasuwa. Tsawonta ya yi na mutum uku, alkyabbarta ta gashin tsuntsu ce, kuma idanunta a gefen kai suke, tana ganin gaba da baya lokaci guda. Dubban cakau sun kewaye ta, ba mai motsi.

Gwamma ta miƙe tsaye ta ce, "Ranki ya daɗe, ni ce Gwamma daga kwarin Giyayya."

Sarauniyar ta ce, "Na san kwarin. Tun kafin kakanninki su kafa bukka nake aika musu da jama'ata. Dubu bakwai na aika a shekarar ƙarshe. Kin rarrafo ta cikin gidajensu, kin ga yawan waɗanda suka dawo. Da wace fuska kika zo?"

"Da wannan da kike gani, mai giɓi. Ƙanena ya kafa raga, ni na kaɗa zaren, mai garinmu ya ci naman. Mu uku ga mu, ki yi mana abin da kika ga dama. Amma akwai jaririya a ɗakina da ba ta kai wata biyu ba. Wane itace ta sare? Wane tsuntsu ta ci? Kin zauna nan cikin sanyi kina kashe wanda bai san komai ba, kina kiran abin hukunci."

Tsuntsayen suka buɗe fukafukai gaba ɗaya, iska ta kusa kayar da ita. Sarauniyar ta sunkuyo har numfashinta na taɓa goshin Gwamma.

"Kina yi mini maganar jarirai? A waccan shekara ƙwai nawa suka yi sanyi a sheƙa don iyayen da za su dawo su kwanta a kansu suna rataye a kan hayaƙin ƙanenki? Ban kashe kowa ba, 'yar Adam. Na daina aika 'ya'yana mahauta, shi ke nan."

Gwamma ba ta ja da baya ba. Suka tsaya suna kallon juna, kowace na huci.

Tsohon cakau ya taka gaba ya ce, "Ya shugabata, matar nan ta ɗauko mini ruwa a bakinta ta ƙetare ƙasar Darmashu. Ta saki 'yan'uwanmu daga gada da haƙoranta. Ni zan koma kwarin, ko da ni kaɗai ne."

Sarauniyar ta dubi tsohon tsuntsun, ta dubi Gwamma. Sannan ta ce, "Arba'in zan ba ki, har da shi. Sharaɗi biyu. Ba za su sauka a rana ba, sai sun tarar da inuwa a bakin gulbi. Kuma ranar tashi, arba'in za su tashi. In ɗaya ya rage, kwarinku ya fita daga hanyoyina har abada."

Ta kaɗa alkyabba, iska ta ɗauke Gwamma. Da ta buɗe ido sai ta gan ta a ƙofar gidanta, an gama yankan ɗan geron da ya yi. Jaririyar na nan da rai, da nonon akuyar maƙwabta aka riƙe ta.

Gwamma ba ta zauna ba. Ta tara mutanen da suka rage ta gaya musu sharaɗin. Mai gari ya ce, "Itace ba ya girma a kwana bakwai. Ina za mu samo inuwa?"

Ta ce, "A kanku take."

Ta ɗauki gatari ta nufi gidan Barau, ta hau ɗakinsa ta datse igiyoyin jinka, ta turo shi ƙasa. Daga nan ta wuce nata ɗakin ta yi masa haka. Sannan ta tsaya a ƙofar zauren mai gari da gatarin a hannu, har sai da ya ce wa 'yan fadarsa su hau su sauke. Kafin kwana uku babu ɗaki mai rufi a garin. Aka kafa jinkaye da zana da tabarmi a kan turaku, jere a bakin gulbi, aka dasa 'ya'yan giyayya da kanya a tsakaninsu.

A rana ta biyar da safe aka ga cakau uku. Washegari sauran suka sauka. Suka shiga ƙarƙashin jinkayen suna caka baki a busasshiyar laka, ruwa ya fara tsattsafowa. Ba shi da yawa kamar na da, amma ya isa sha da 'yan kwamin albasa. Mutane suka yi rani a ɗakuna marasa rufi, suna tsaron tsuntsayen bi da bi. Barau ya fi kowa ɗibar ruwa yana ba dashe, amma Gwamma ko kallonsa ba ta yi.

Da zafin bazara ya kunno, cakau suka taru a kan yashi da hantsi. Gwamma ta ƙirga. Talatin da tara. Ta sake ƙirgawa, talatin da tara. Tsuntsayen suka fara buɗe fukafukai. Ta duba taron mutane, kowa na nan ban da mutum ɗaya.

Ta fizgi taɓarya daga hannun wata mata ta ruga gidan Barau, jama'a na biye. Ta banke ƙyauren kara da ƙafa tana cewa, "Yau ko ni ko kai."

Barau na zaune a ƙasa a tsakar ɗakinsa. Fuskarsa duk jini, idonsa na hagu ya tsiyaye, kusa da shi ga gawar wani ƙaton shaho. A cikin hularsa, a kan cinyarsa, ga cakau na arba'in, an ɗaure masa ƙafa da tsinke da zaren da aka zare daga bakin riga.

Ya ce da murya ƙasa-ƙasa, "Da asuba shahon nan ya sure shi a gindin dashe. Na kama ƙafar shahon, shi kuma ya kama fuskata. Ban sani ba ko tsuntsun zai iya tashi."

Taɓaryar na sama a hannun Gwamma. Ta daɗe a haka kafin ta sauke ta. Ta karɓi hular da hannu biyu, ta koma bakin gulbi da sassarfa, ta ajiye tsuntsun a kan yashi. Ya yi ɗingishi sau biyu, ya faɗi, ya tashi. Sauran suka ɗaga sama. Ya buga fiffike, ya yi ƙasa-ƙasa har cikinsa na shafar ruwa, sannan ya ɗaga ya shiga cikinsu. Mutane suka yi ta kallo har suka zama ɗigo a arewa.

Gwamma ta koma gidan ƙanenta ita kaɗai, da ƙwaryar ruwan ɗumi da tsumma. Ta durƙusa ta fara wanke masa fuska, ba a hankali ba.

Ya ce, "Yaya, kin yafe mini?"

Ta matse tsumman, ruwan ya yi ja. Ta ce, "Ban yafe maka ba, ban yafe wa kaina ba. Sai ranar da itatuwan nan suka yi inuwar da za mu mai da jinkayenmu, sannan ka sake tambayata. Ɗago kanka in ga idon."

Ya ɗago.